Giuseppe Meazza: gwanin gaske ne, ko zamaninsa ne ya ɗaga shi?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da daddare gardama ta kaure a gidan kallon unguwarmu tsakanin wani mai goyon bayan Inter da wani mai goyon bayan AC Milan a kan sunan filin da ƙungiyoyin biyu suke wasa a cikinsa. Ɗaya ya dage cewa San Siro ne sunansa, ɗayan kuma ya rantse cewa Giuseppe Meazza ne, kuma duk cikinmu babu wanda ya iya faɗin ko wane ne wannan Meazza ɗin. Da na koma gida na bincika, sai na tarar ɗan wasa ne da ya ci wa Italiya kofin duniya har sau biyu, a 1934 da 1938. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, idan muna lissafa manyan 'yan ƙwallon duniya ba mu taɓa ambatonsa kusa da Pele da Maradona ba. Shin ƙwallon zamaninsu ce ba ta kai a yi maganarta ba, ko kuwa mu ne ba mu san tarihi ba?

Malamin_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan_Fagge, duka mutanen biyu suna da gaskiya, domin San Siro sunan unguwa ne, shi kuwa filin an raɗa masa sunan Meazza a hukumance a 1980, bayan rasuwarsa a ranar 21 ga Agusta 1979, saura kwana biyu ya cika shekara 69.

An haife shi a birnin Milan a ranar 23 ga Agusta 1910, a unguwar Porta Vittoria. Mahaifinsa ya rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, yana ɗan shekara 7, mahaifiyarsa kuma ta ci gaba da riƙonsa da sayar da 'ya'yan itatuwa a kasuwa. A kan titi ya koyi wasa, babu takalmi, da ƙwallon tsumma irin wadda da yawa daga cikinmu muka buga muna yara. Da ya je gwaji a AC Milan sai aka sallame shi saboda ramarsa ta yi yawa, Inter ta ɗauke shi. A 1927, yana da shekara 17, kocin ƙungiyar ɗan ƙasar Hungari mai suna Árpád Weisz ya sa shi cikin manya. Wani babban ɗan wasa, Leopoldo Conti, bai ji daɗin haka ba, ya yi ƙorafin cewa yanzu har yara ƙanana ake kwasowa, ya kira shi Balilla, wato ɗan yaro, sunan da ya bi shi har kabari. A kakar 1929 zuwa 1930, wadda ita ce ta farko da aka buga Serie A a rukuni guda na ƙungiyoyi 18, ya ci ƙwallo 31, ya fi kowa, ƙungiyarsa ta ɗauki kofi, alhali bai cika shekara 20 ba.

Bakatsine77:
Malam, na yarda da duk abin da ka kawo, amma ina ganin ya kamata a auna waɗannan kofunan duniya biyu da ma'auni na gaskiya. A 1934 ƙasashe 16 ne kawai suka buga, kuma tun daga wasan farko wanda aka ci ya tafi gida, wato wasa huɗu ko biyar sun isa a ɗauki kofi. Uruguay mai riƙe da kambu ta ƙi zuwa, Ingila ba ta cikin FIFA a lokacin, Afirka gaba ɗaya Masar ce kaɗai ta wakilce ta. Gasar a Italiya aka yi ta, Mussolini yana kan mulki yana son duniya ta ga ƙarfin gwamnatinsa, kuma har yau ana sukar yadda alƙalai suka tafiyar da wasannin Italiya da Sifaniya da na Ostiriya. Ƙari a kan haka, Monti da Orsi da Guaita 'yan Ajantina ne aka ba su rigar Italiya, shi Monti ma ya buga wa Ajantina wasan ƙarshe a 1930. To, ta yaya za a kwatanta wannan da abin da Maradona ya yi a 1986?

Tsohon_Gola:
Ɗana Bakatsine77, ka duba gefe guda ka bar ɗayan. Ni na tsare raga a makarantar sakandare a shekarun 1960, kuma na riski irin ƙwallon da suke bugawa, ta fata ce mai bulada a ciki, ana ɗaure bakinta da igiya. Idan aka yi ruwa ta sha ta ƙoshi, nauyinta ya ƙaru sosai, kuma duk wanda ya sa mata kai ta wajen ɗaurin nan sai goshinsa ya tsage. Ni kaina akwai ranar da na tare irin wannan ƙwallon da ƙirji na kwana biyu ina jin numfashina yana sarƙewa. A zamanin Meazza kuma babu canjin ɗan wasa, babu katin gargaɗi, babu jan kati, duk waɗannan sai 1970 suka shigo gasar kofin duniya. Idan ɗan baya ya sare ka, ko dai ka tashi ka ci gaba da ɗingishi, ko ƙungiyarka ta ƙarasa da mutum goma.

A cikin wannan hali ne aka san shi da wani salo da Italiyawa suka ba wa suna na musamman, wato cin ƙwallo ta hanyar gayyata. Idan ya wuce 'yan baya ya rage daga shi sai gola, ba ya gaggawar bugawa, sai ya tsaya cak ya jira golan ya fito, ya yanke shi, sannan ya tura ƙwallon cikin raga a hankali. Duk wanda ya taɓa tsayawa tsakanin sandunan nan ya san babu abin da ya fi wannan ciwo, domin idan ka tsaya ya zaɓi kusurwa, idan ka fito ya wuce ka. Mai iya yin haka a kan fili mai caɓi, da ƙwallo mai nauyi, da 'yan baya da ba sa tsoron kati, ba zamani ne ya ɗaga shi ba.

Zongo_Kumasi:
Baba Tsohon_Gola, Allah ya ƙara lafiya. Ni abin da na sani game da shi shi ne har yau babu wanda ya kai shi yawan ƙwallaye a tarihin Serie A, kuma bai taɓa sa rigar wata ƙungiya ba sai ta Inter. Wannan riƙon amana kaɗai ya isa a sa wa fili sunansa.

Malamin_Tarihi:
Ɗan'uwa Zongo_Kumasi, a nan akwai gyara guda biyu. Wanda ya fi kowa ƙwallaye a Serie A shi ne Silvio Piola da 274, Totti yana biye da 250, Meazza kuwa 216 yake da su. Inda ya fi kowa shi ne a Inter, inda ya ci 284 a dukkan gasanni. A ƙungiyar ƙasa ya ci 33 a wasa 53, kuma wannan adadi ya tsaya har sai da Gigi Riva ya wuce shi a 1973. Maganar rashin sauya ƙungiya ma ba haka take ba, domin a 1940 ya koma Milan ɗin da ta ƙi shi yana yaro, ya yi kaka biyu, ya wuce Juventus, ya taɓa Varese da Atalanta, kafin ya dawo Inter a 1946 yana wasa yana kuma horarwa.

Zongo_Kumasi:
Na gode da gyara, Malam. Ashe tun kafin Taribo West da Sulley Muntari akwai wanda ya sa rigunan biyu.

Abban_Sumayya:
Ina so in koma kan hujjar Bakatsine77, domin tana da nauyi kuma bai kamata a wuce ta ba. Gaskiya ne gasar 1934 tana da tabo, amma darajar Meazza ba a kanta kaɗai ta rataya ba. A watan Mayu na 1930 Italiya ta je Budapest ta doke Hungari da ci 5 da nema, shi ya ci uku, kuma a wancan lokaci Hungari da Ostiriya da Chekoslobakiya su ne malaman ƙwallo a nahiyar Turai. Ingilar da ka ce ba ta zo ba, ai Italiya ta bi ta har gida a ranar 14 ga Nuwamba 1934, a filin Highbury da ke Landan. Minti biyu da fara wasa ƙafar Monti ta karye, kafin a cika kwata na awa Ingila ta zura uku, Italiya kuma ta ci gaba da mutum goma. Bayan hutun rabin lokaci Meazza ya rama biyu a cikin 'yan mintuna, ya kuma buga wata ta daki sanda, aka tashi 3 da 2. Babu Mussolini a Landan, babu alƙalin da zai yi masa alfarma.

Sannan kofin 1938 a Faransa aka buga shi, inda 'yan kallo da dama, ciki har da Italiyawan da suka gudu daga mulkin Fasist na Mussolini, suke yi wa ƙungiyar ihu. Shi ne kyaftin, kuma koci Vittorio Pozzo ya riga ya janye shi daga tsakiyar gaba zuwa ɗan baya kaɗan, inda yake raba ƙwallo tare da Giovanni Ferrari. A wasan ƙarshe da suka ci Hungari 4 da 2, Piola ya ci biyu, Colaussi ya ci biyu, shi bai ci ko ɗaya ba, amma ta ƙafarsa yawancin hare-haren suka bi. Ɗan wasan da ya fi kowa cin ƙwallo a Serie A sau uku, a 1930 da 1936 da 1938, ya kuma yarda ya koma mai yi wa wasu hidima, wannan a wurina ita ce babbar shaidar cikar gwaninta.

Bakatsine77:
Yaya Abban_Sumayya, wasan Highbury hujja ce mai ƙarfi, ban musa ba. Sai dai har yanzu muna dogara ne da abin da 'yan jarida da masu sharhin rediyo na ƙasarsa suka faɗa, a zamanin da gwamnati take riƙe da bakin kowa. Hotunan bidiyon da suka rage gajeru ne, ba za ka iya zama ka kalli wasansa na minti 90 ka yanke hukunci da idonka ba, kamar yadda za ka yi wa Maradona ko Messi.

Ummu_Hafsat:
Ku yi mini afuwa in shigo ta wata ƙofa. Tun da Malamin_Tarihi ya ambaci sunan Balilla nake jin wani abu a zuciyata, domin Balilla shi ne sunan ƙungiyar yara da gwamnatin Mussolini ta kafa a 1926 don tarbiyyantar da su a kan aƙidarta. Ita kanta Inter an tilasta mata sauya suna zuwa Ambrosiana a 1928, saboda kalmar Internazionale ba ta yi wa masu mulki daɗi ba. Tsakanin kofin farko da na biyu, a watan Oktoba na 1935, sojojin Italiya suka afka wa Habasha, har suka yi amfani da iskar guba a kan mutane. A 1938 kuma, a wasansu da Faransa, 'yan wasan sun fito da baƙaƙen riguna, launin 'yan Fasist, suka ɗaga hannu irin gaisuwarsu. Mu 'yan Afirka ba za mu karanta wannan tarihi kamar ba mu san abin da ke faruwa a Addis Ababa a lokacin ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne makomar Weisz, kocin da ya fara ba Meazza dama. Bayahude ne, ya ci kofi da Inter a 1930, ya ci biyu da Bologna a 1936 da 1937, amma da aka kafa dokokin wariyar jinsi a 1938 sai aka kore shi daga ƙasar. Ya gudu Holan da iyalinsa, 'yan Nazi suka kama su a can, aka kashe matarsa da 'ya'yansa biyu a sansanin Auschwitz a 1942, shi ma ya mutu a sansanin a watan Janairu na 1944. A shekarar da almajirin ya ɗaga kofin duniya a Faris, a ita aka rufe wa malamin ƙofa. Ba ina ɗora wa Meazza laifin wannan ba ne, amma ba na son a faɗi labarinsa a tsallake wannan mutum.

Malamin_Tarihi:
Hajiya Ummu_Hafsat, kin yi daidai da kika kawo wannan. Abin da zan ƙara shi ne sunan Balilla ya girmi Mussolini, asalinsa laƙabin wani yaro ne na birnin Genoa da ake cewa shi ya fara jifan sojojin Ostiriya da dutse a 1746, gwamnatin Fasist ta ari sunan. Shi Conti da ya kira Meazza da shi, yarinta yake nufi. Amma babu shakka gwamnati ta ci moriyar farin jininsa, kamar yadda ta ci moriyar ɗan damben nan Primo Carnera.

Abban_Sumayya:
Tambayar da Hajiya ta tayar tana da wuya. Saurayi ɗan talakawa, maraya, wanda aka ce ya sa rigar ƙasarsa, me ake tsammanin zai yi a ƙarƙashin irin wannan mulki? Abin da aka fi saninsa da shi a wajen fili shi ne son rayuwa: gashi a kwance da mai yana sheƙi, motoci, rawa, da makara zuwa filin wasa. Yana cikin 'yan ƙwallon farko a Italiya da kamfanoni suka riƙa amfani da fuskarsu wajen talla. Ban ga alamar ɗan siyasa a tattare da shi ba, ko da yake na san rashin shiga siyasa ba ya wanke mutum daga amfanin da aka yi da shi.

Ummu_Hafsat:
A kan jimlarka ta ƙarshe muka haɗu, Malam.

Mazaunin_Brescia:
Ni ina zaune a arewacin Italiya shekaru da dama, ina aiki a wata masana'anta, kuma na shiga filin nan sau uku. A bakin mutanen gari San Siro ya fi yawa, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ake sauka ma San Siro Stadio aka rubuta mata. Magoya bayan Inter ne suka fi kiran Meazza, na Milan kuwa da wuya ka ji sun faɗa, duk da cewa ya sa rigarsu. Wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, filin an gina shi ne a 1926 domin Milan, Inter ba ta koma can ba sai 1947. Yawancin wasannin gida da Meazza ya buga wa Inter a shekarun 1930 a Arena Civica ya buga su, wani tsohon fili da ke tsakiyar gari kusa da lambun Sempione.

Akwai wani dattijo da muka yi aiki tare kafin ya yi ritaya, wanda ba ya kiransa da komai sai Peppino. Ya ce mahaifinsa yakan ba su labarin bugun fenaretin da ya yi wa Brazil a Marseille a wasan kusa da na ƙarshe na 1938, lokacin da robar wandonsa ta tsinke, ya riƙe wandon da hannu ɗaya, ya ajiye ƙwallon da ɗayan, ya buga ta shiga. Dattijon yakan miƙe tsaye a wurin cin abinci ya kama ƙugunsa ya nuna mana yadda aka yi, alhali shi kansa ba a haife shi ba a lokacin. Italiya ta ci 2 da 1, kuma wannan ce ƙwallo ta ƙarshe da ya ci wa ƙasarsa. Hajiya, akwai allon tunawa da Weisz da aka kafa a filin San Siro, na tsaya a gabansa.

Ɗan_Maraɗi:
Ina bin muhawarar tun farko. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da ya sa tauraronsa ya dushe da wuri, tunda a 1938 shekararsa 28 kacal ba ta ma cika ba.

Tsohon_Gola:
Ciwo ne, ɗana. A 1939 ya kamu da matsalar gudanar jini a ƙafa, jini ba ya isa yadda ya kamata, har Italiyawa suka riƙa kiran abin daskararriyar ƙafa. Kakar 1939 zuwa 1940 da Inter ta sake ɗaukar kofi, yana jinya. Kafin ya dawo daidai yaƙi ya ci Turai, gasar kofin duniya ta 1942 da ta 1946 ba a yi su ba. Saboda haka Bakatsine77, idan za ka rage masa daraja don gasar zamaninsa ƙarama ce, sai ka tuna kuma cewa ciwo da yaƙi sun cinye masa shekarun da ɗan wasa yake kai wa ƙololuwar hankali.

Abban_Sumayya:
Akwai wani ɓangare na gadonsa da ba a ambata ba. Bayan ya bar wasa ya horar a wurare kaɗan, har da Beşiktaş ta Turkiyya, bai yi wani fice ba a matsayin kocin manya. Inda ya yi tasiri shi ne a sashen matasa na Inter. A cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Sandro Mazzola, ɗan Valentino Mazzola, kyaftin ɗin Torino da ya mutu tare da abokan wasansa a haɗarin jirgin sama na Superga a ranar 4 ga Mayu 1949, lokacin Sandro yana da shekara 6. Maraya ne ya rasa uba yana ɗan shekara 7 yake koyar da marayan da ya rasa uba yana ɗan shekara 6, kuma wannan yaro ya girma ya ci wa Inter kofin Turai a 1964 da 1965.

Ɗan_Maraɗi:
Idan haka ne, shi Valentino Mazzola fa? Na ji wasu suna cewa ya fi Meazza cika, tunda yana tsaro yana kai hari.

Malamin_Tarihi:
Akwai Italiyawan da suke da wannan ra'ayi, kuma Torino ta zamaninsa ta ɗauki kofin ƙasar sau biyar a jere. Sai dai Valentino bai taɓa buga gasar kofin duniya ba, yaƙi ya hana shi a farko, ajali ya hana shi ta 1950. Wannan maudu'i ne da ya cancanci a buɗe masa zaurensa daban.

Ɗan_Fagge:
Na gode muku ƙwarai, na ƙaru fiye da yadda na zata. Amma tambayata ta farko tana nan: idan aka ce in lissafa goma mafiya girma a tarihi, in sa shi ko kada in sa shi?

Bakatsine77:
Ni dai ba zan sa shi ba, Malam Ɗan_Fagge, domin ba na sa wanda ban gani da idona ba, kuma gasar da babu Afirka da Asiya a cikinta sai ƙasa ɗaya ɗaya ba ta cika gasar duniya ba. Na yarda shi ne gwanin Turai a shekarun 1930, tare da Matthias Sindelar na Ostiriya, a nan na tsaya.

Tsohon_Gola:
Ni kuwa zan sa shi. Da wannan ma'auni naka, jikokinka za su cire Pele, domin yawancin wasanninsa a Santos ma ba a ɗauke su a bidiyo ba.

Mazaunin_Brescia:
Abin da ake tattaunawa a nan Milan yanzu shi ne shirin ƙungiyoyin biyu na gina sabon fili a gefen tsohon, a rushe mafi yawan wanda ake da shi. Na tambayi wani matashi mai goyon bayan Inter a wurin aikinmu ko yana ganin sunan Meazza zai koma kan sabon ginin, sai ya ce shi abin da ya dame shi kuɗin tikiti ne, amma kakansa ba zai taka filin ba idan aka cire sunan.